Sakaya ƙofa daban, kulle ta daban



Kwanan baya wani ƙanena ya tafi Tasawa tura takardun neman aiki. Hotunan takardun suna cikin WhatsApp ɗinsa, sai ya haɗa wayarsa da kwamfutar wani shagon intanet don a buga masa. Da ya gama ya danna alamar X, shafin ya ɓace, ya biya kuɗinsa ya hau kabu-kabu ya dawo gida. Bayan kwana biyu kawunmu da ke ci-rani ya kira yana tambaya ko jaka 20 ɗin maganin sun iso. Wane magani? Ashe wani ne ya zauna kan kwamfutar bayansa, ya tarar da WhatsApp a buɗe, ya rubuta wa kawu da sunan yaron ya ba shi wata lambar turo kuɗi.

Danna X ba fita ba ne. Labule kawai ka saki, ɗakin yana nan a buɗe. WhatsApp yana yarda a haɗa na'urori har 4 da lamba ɗaya, kuma in ba ka cire su ba suna nan, sai wayarka ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba sannan su fita da kansu. Facebook ma in ka amince kwamfutar ta riƙe lambar sirrinka, duk wanda ya zo bayanka ya zama kai.

Ma'aikatan ofis, ku ma maganar ta shafe ku. A wasu wurare akwatin da ke gabanka allo ne kawai, ainihin aikin yana gudana cikin wata babbar na'ura a nesa. In ka rufe tagar ko wuta ta ɗauke, layi ne ya yanke, amma zamanka yana nan da sunanka har sai ka koma ka danna fita.

Wani zai ce, ni talaka me za a sace mini? Sunanka za a sace. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yunin 2024 ya maido da ɗauri kan zagi da ɓata suna. In aka zagi wani da shafinka, ƙofarka za a fara bugawa.

Ɓarawo ɓarawo ne, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu shaguna, wanda ya biya ku ya ba ku amana ne. Ku tuna masa ya fita kafin ya tashi, ku goge abin da ya bari. Malaman makaranta, ku koya wa yara inda Déconnexion yake, tunda yawancin wayoyinmu da Faransanci suke.

Kai kuma mai karatu, buɗe WhatsApp yanzu ka shiga Appareils connectés. Duk na'urar da ba ka gane ba, cire ta. Kuma duk wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, ko ɗan cikinka ne, kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Ku tura wa ƴan uwa da ke ci-rani. Allah Ya tsare mu, amin.