Tukunya Ɗaya Ce, Ko Da Mutanen Gida Sun Kai Ashirin

 Kwana biyu ban leƙo ba, to ga dalilin da ya dawo da ni yau.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga shagon buga takardu na ɗan yayata a nan Sarkin Dawaki, na tarar da shi ya yi tagumi. Kwamfutarsa tsohuwa ce, shekaru biyu da suka wuce na sa masa Linux a kanta saboda ta daina iya ɗaukar Windows. Wai yana cikin buga wa wani bawan Allah takardun neman aiki sai ta fara jan ƙafa. Ya buɗe htop kamar yadda na koya masa, ya ga sunan LibreOffice ya cika allo layi bayan layi, kowane layi da megabait iri ɗaya a gabansa. Sai ya ce a ransa ai waɗannan ne suka cinye ma'adanar, bari ya kashe guda ɗaya. Yana kashewa manhajar gaba ɗaya ta rufe, abin da bai adana ba ya bi ruwa. Ya ce mini, "Kawu, wallahi guda ɗaya tak na taɓa." Gaskiya ya faɗa, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Abin da ya gani ba manhajoji da yawa ba ne. Manhaja ɗaya ce, ta raba aikinta zuwa abin da masana ke kira zare: wannan yana kula da allo, wancan yana jiran firinta, wani yana duba rubutu. Mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato muka zauna a nan mun san irin wannan gida. Mai gida, matansa, 'ya'ya, ƙanen da ya zo cin rani ya ƙi komawa, duk tukunya ɗaya suke ci. In ka tambayi kowannensu buhu nawa ke cikin rumbu zai ce maka goma. Wanda ya tara amsoshin mutum ashirin ya rubuta buhu 200, ai shi ya yi shirme.

Wannan ruɗani ya daɗe. Kafin shekarar 2003, Linux na ba kowane zare lambarsa kamar aiki mai zaman kansa, don haka umarnin ps, wanda shi ne kakan duk masu jera ayyukan kwamfuta, yakan nuna Java ko MySQL sau da dama. Daga baya Ulrich Drepper da Ingo Molnár na kamfanin Red Hat suka fito da tsarin NPTL, aka kuma saki Linux 2.6 a watan Disamban 2003, zaruruwa suka koma ƙarƙashin lambar gida ɗaya. Tun daga nan ps ya ɓoye su, sai ka nema. Shi kuma htop, wanda ɗan Burazil Hisham Muhammad ya fara rubutawa a 2004, ya zaɓi ya baje su a fili tun daga buɗewa. Danna babban harafin H ne ke ɓoye su, amma wa ya gaya wa yaro?

Na zauna na buɗe masa ps don in nuna masa gaskiyar lamari, kuma a nan ne raina ya ƙara ɓaci. Hanya huɗu ce ta neman zare: H, da -L, da -T, da m. In ka rubuta ps -eLf za ka ga kowane zare a layinsa, da lambarsa a ƙarƙashin LWP, da adadin mutanen gidan a ƙarƙashin NLWP. Madalla. Sai dai in ka nemi ya ƙara maka yawan ma'adana, zai maimaita adadi ɗaya a kowane layi, wato buhu goman nan. In kuwa ka bi ta m, sai ya yi abin hankali: mai gida a sama, iyalansa a ƙasa, gurbin ma'adana ya sa musu ɗan karan layi don ka san ba nasu ba ne su kaɗai. Amma sai ya sa wannan karan har a gurbin suna! Alhali Linux na bai wa kowane zare damar ɗaukar suna mai harafi har 15, kuma -L na iya nuna shi. Wannan na da suna ba lissafi, wancan na da lissafi ba suna.

Abin da nake ganin ya kamata masu kula da procps-ng su yi ba wani babban aiki ba ne. A haɗa biyun nan wuri ɗaya: aiki a sama da ma'adanarsa sau ɗaya, zaruruwa a ƙasa an ɗan tura su ciki, kowanne da sunansa da rabon wahalar da yake ba masarrafa, tunda wannan kam nasa ne na kansa. Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne: akwai ɗimbin ƙananan shirye-shirye a duniya da ke karanta abin da ps ya fitar, in aka gusar da gurbi ɗaya sai su rikice. To kada a taɓa tsoffin haruffan, a ƙaro sabo. Wanda ya haƙura da hanya huɗu, ta biyar ba za ta kashe shi ba. Shi ma htop, idan mutum zai kashe zare, me zai hana ya tambaye shi ko ya san gidan duka zai tafi?

Ɗan yayata dai ya sake buga takardun daga farko, bai karɓi ko kwabo ba, don mutumin ya jira fiye da awa guda. Kafin in fito na shiga saitin htop ɗinsa na ɓoye masa zaruruwan, na kuma rubuta masa ps -eo pid,nlwp,rss,comm a takarda na manna a gefen allo.