Kafin ka kai motarka a yanke mata bamba, tsaya mu yi magana

Idan kana bibiyar TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba: Hilux ko Land Cruiser an cire mata bambar da ta zo da ita daga kamfani, an ɗora mata wani shirgegen ƙarfe a goshi, an jera fitilu, an sa kiɗa, ga mota tana hawa dutse kamar akuya. Yawancin masu yin abin 'yan Ostireliya ne ko Amurka ko Dubai, kuma nishaɗi ya kai su daji ranar hutu. Mu kuwa a Maradun da Bakura da Talata Mafara, dajin hanyar gida ce. Direban da ke ɗaukar fasinja zuwa Faru ko Gidan Goga ko Janbako a watan Agusta ya san irin ƙarar da bamba ke yi idan ta daki bakin rami, kuma ya san kuɗin da ke fita daga aljihunsa bayan kowace ƙara.

Saboda haka idan kai ne mai motar, ko kai ke jan ta a biya ka, ko yayanka ya ba ka amanarta, kuma zuciyarka na raya maka ka kai ta wurin mai walda a ɗage mata gaba, ban ga laifinka ba. Mota irin Golf ko Sharon a Turai aka ƙera ta don kwalta mai santsi. Tsakanin cikin Golf da ƙasa da wuya ya wuce santimita 15, alhali na Hilux ya haura 20. Wanda ya zana ta bai taɓa jin sunan Tsibiri ba, balle ya san yadda ruwan sama ɗaya ke cinye gefen kwalbati. Dole mai mota ya yi dabara. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne wace dabara, domin akwai gyaran da ke ceton mota, akwai kuma wanda ke kashe mutum.

Mu fara da abin da bidiyon ba ya gaya maka. Abu biyu ne ke sa mota ta daki ƙasa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne hancin mota. Idan za ka gangara kwari ko ka hau tudu, abin da ya fito gaban taya shi ke fara taɓa ƙasa. Kana iya gwada wannan da kanka a ƙofar gida: ka samo falanki, ka tokare kansa ɗaya a gindin tayar gaba, ka ɗaga ɗaya kan har ya taɓa ƙasan bamba. Karkatar da falankin ya yi ita ce iyakar tudun da motarka za ta hau ba ta goga hanci ba. Rage leɓen bamba na ƙasa yana ƙara wannan karkatar, gaskiya ne. Na biyu shi ne cikin mota: kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, da salansa, da tankin mai, da kullin aksul na baya a motocin da ke da shi. Wannan kam ko ka cire bamba gaba ɗaya ka jefar, ba ka ƙara masa ko santimita ɗaya ba. Kuma a hanyar burji da manyan motoci suka haƙa layi biyu suka bar tudu a tsakiya, cikin motar ne ke gogar ƙasa. Bamba idan ta fashe, kyau kawai mota ta rasa. Kaskon baƙin mai idan ya fashe, man ya tsiyaye, inji ya buga, ka kwana a wurin.

Kuma ka fi ni sanin abin da kwana a hanya ke nufi a Zamfara ta yau. A wani wuri lalacewar mota asarar kuɗi ce da ɓata lokaci. A nan, mota ta mutu maka da fasinja bayan la'asar a tsakanin ƙauye da ƙauye, magana ce ta rai. Shi ya sa duk gyaran da za ka yi, ma'auninsa ɗaya ne: zai sa motar ta isa gida, ko zai ƙara mata dalilin tsayawa?

To mu ɗora shirgegen ƙarfen nan a kan wannan ma'auni. Ƙarfen da mai walda zai haɗa maka da bututu da angul yana iya kai nauyin buhun siminti, kilo 50, wani ma ya fi. Ka rataya shi can a ƙarshen hanci, inda nauyi ya fi danna sifirin. Gaban mota ya sunkuya. Ka je neman tsawo ka dawo da gajarta, garin neman gira an rasa ido. Ƙafar gaba za ta riƙa cin kuɗi, mai zai ƙara tafiya, birki zai ƙara aiki. Sannan Golf da Sharon ba su da shasi daban irin na Hilux ko Kanta, jikin motar ne shasinta. Idan aka yi waldar ƙarfe mai kauri a jikin wannan siririn kwano, duk dukan da ƙarfen ya sha jikin motar zai miƙa wa, ya lanƙwashe inda gyaransa sai an sha wahala.

Wannan duk asarar dukiya ce. Ga babbar. Mutane da yawa na cewa motocin yanzu gwangwani ne, da an taɓa su sai su lotse. Da gangan aka yi su haka. Wani injiniya na kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya yi rajistar wannan dabara a 1952: a bar gaba da bayan mota su lotse su shanye ƙarfin karo, a bar ɗakin da mutane ke zaune ya tsaya da ƙarfi. Idan gaba ya ƙi lotsewa, ƙarfin karon bai ɓace ba, wucewa yake yi zuwa ƙirjin direba da wuyan fasinja. Haka jakar iskar da ke cikin sitiyari, an auna lokacin fashewarta ne da yadda gaban motar ke lotsewa. Ka canza gaban, ka rikita lissafin, tana iya fashewa a makare ko ta fashe ba dalili.

Sai kuma wanda ke wajen motar, wanda ba a shawarce shi ba lokacin da ake walda. Ka tuna Talata Mafara ranar kasuwa: ɗan kabu-kabu da fasinja biyu, yarinya mai talla da faranti a ka, almajiri zai tsallaka titi, dattijo a kan keke. Bambar roba tana lanƙwasawa idan ta bugi ƙafar mutum, ya faɗa kan bonet, wanda shi ma yana lotsewa. Bututun ƙarfe ba ya lanƙwasawa, kuma tsayinsa daidai ƙirji ko kan yaro ɗan firamare. Bugun da zai tsaya a karaya sai ya koma jana'iza. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya ne ya fi komai kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato mu da ƙannenmu. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 da ta hana sayar da irin wannan ƙarfen sai wanda ya ci gwajin kare mai tafiya a ƙasa, Indiya kuma ta umarci jihohinta su hana shi a Disamban 2017.

Na san amsar da za ka ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za ka ce a hanyarmu akwai shanu da jakuna da raƙuma, idan ka bugi sa lagireto ya fashe, nan ma ai tsayawar ce. Haka ne. Asalin wannan ƙarfen ma ke nan: a dajin Ostireliya ana tafiyar ɗaruruwan kilomita ba gari, ga dabbar nan kangaru tana faɗo wa mota da dare. Amma su nasu kamfani ne ke ƙera shi, a gwada shi a kan irin motar da za a ɗaura wa, a tabbatar bai hana jakar iska aiki ba. Namu da ido ake aunawa, da ƙarfen da aka samu a wurin 'yan gwangwan. Ban raina masu waldarmu ba, wallahi suna da basira, sun raya motocin da Turawa suka yi wa jana'iza tun tuni. Kayan gwajin ne babu. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah: a wata guda sau nawa kake haɗuwa da sa a tsakiyar hanya, sau nawa kuma kake ratsa cikin mutane? Maganin sa rage gudu ne da fitila mai kyau da barin tafiyar dare. Idan ma motarka Hilux ce da ke aikin gona a yankin Bakolori, tana kwaso shinkafa da dankali da tumatir daga fadama, kuma lallai sai ka kare lagireto, to a yi ƙaramin kariya mara kaifi, wadda ba ta wuce faɗin mota ba, ba ta haura bonet ba, a ɗaure ta da noti.

Akwai kuma abin da ya shafi nan kaɗai. Hilux mai ƙaton ƙarfe a gaba da baƙin gilashi da jerin fitilu, a idon mai hangenta daga nesa motar jami'an tsaro ce. Kai kana ganin ado ka yi. A wasu hanyoyinmu wannan adon kiran ido ne da ba ka buƙata.

To me za a yi? Idan kuɗinka na gyara ɗaya ne, ka kashe shi a kan farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. A ɗaure shi da noti don a iya kwance shi ranar juyen mai, a bar tazara tsakaninsa da kaskon, a huda shi don iska ta wuce, taɓo ya fita. Ba ya fitowa a hoto, ba wanda zai yaba maka shi a Facebook, amma shi ke shan dukan dutsen da zai kashe maka inji.

Idan hanci ne ke goga, a rage leɓen robar na ƙasa kawai, a goge bakin kada ya zama wuƙa. Ƙarfen da ke ɓoye a bayan robar a bar shi yadda kamfani ya sa shi. Ka sa ido kuma a kan allurar zafi bayan an yanke, domin a wasu motocin wannan leɓen ne ke tura iska zuwa lagireto, kuma ka san zafinmu na Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. A duba kada wayoyi da tiyo da tankin ruwan gilashi su zauna a fili. Kada a rufe fitila ko sigina ko lamba, kada ka ba 'yan ZAROTA da jami'an kiyaye haɗura dalilin tsayar da kai.

Taya ce kaɗai ke ɗaga komai da komai, har da aksul. Amma lissafinta rabi ne: tayar da ta fi taka tsayi da santimita 4, santimita 2 za ta ɗaga mota. Idan ta yi girma da yawa za ta goga jiki a kwana, ta rage wa mota ƙarfin ja, allurar gudu kuma ta riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi. Sifirin da ya gaji, a canza shi. Sau da yawa motar ba gajera ba ce, zaunawa ta yi. Masu cusa ƙarfe ko katako don ɗage mota fiye da kima su sani, duk abin da ya yi sama ya fi saurin kifewa a kwana, balle an lafta kaya a rufi.

Sai gyaran da ba ya cin ko sisi, kuma shi ne aka fi ƙi: rage lodi. Golf kujera biyar aka yi mata. Idan ka zuba mata mutum takwas da buhun gero uku a but, duk tsawon da ka saya wurin makanike ka mayar da shi. Ka kuma koyi shiga rami a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a giya ta ɗaya. Tsofaffin direbobin tasha sun san wannan, ka zauna da su.

Ku kuma ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ga aikin kammala karatu a ƙofar makarantarku. Ku auna motocin da ke tashoshinmu, ku zana farantin ƙasa mai sauƙin nauyi da araha, ku ba masu walda ma'auninsa. Akwai kasuwa, akwai lada.

Daga ƙarshe, kada dabararmu ta mantar da mu tushen matsalar. An gama madatsar ruwa ta Bakolori tun 1978, amma har yau manomin da ya noma abinci a yankin sai ya yi wa motarsa tiyata kafin ya kai shi kasuwa. Duk bambar da aka yanke shaida ce a kan hanyar da ba a gyara ba. Wayar da kake ɗaukar sabon ƙarfen motarka da ita, ka juya ta ka ɗauki kwalbatin da ya karye, ka faɗi sunan ƙauyen da ranar, ka ambaci kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarka, cikin ladabi amma ba tare da gajiya ba. Idan damina ta wuce ba a taɓa wurin ba, ka sake ɗauka. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya, mu da waɗanda muke wucewa a bakin hanya.