Wa ke gaya wa ƙaramin jirgi abin da ke gabansa a sararin Agadas?

Yau maganarmu ta sama ce, amma a ƙasa take ƙarewa.

Kowa a Agadas ya san ƙarar jirgi. Muna da filin jirgi na Mano Dayak, ga kuma sansanin soja na 201 a gefen gari, wanda Amurka ta kashe wa sama da dala miliyan 100, ta soma tashin jirage marasa matuƙa daga cikinsa a 2019. Amurkawa sun miƙa shi ga sojojinmu ranar 5 ga Agusta 2024. Wasu sun ɗauka da tafiyarsu sarari ya koma fili fetal. Ba haka ba ne. Nijar ma tana da nata jiragen marasa matuƙa, samfurin Bayraktar na Turkiyya, tun 2022, kuma iyakokinmu da Libiya da Aljeriya da Mali ba su bar soja ya runtsa ba.

To a tsakiyar wannan duka akwai mai ƙaramin jirgi, irin mai ɗaukar mutum huɗu ko goma. Shi ne ke kai ma'aikatan agaji Dirku, shi ne ke iya ɗauko marar lafiyar da hanyar Tawa, mai ramuka kamar an yi haƙar rijiya, za ta ƙarasa kafin ya ga likitan Yamai. Wanda ya taɓa raka mai naƙuda ko wanda mota ta kife da shi a wannan hanya ta kusan kilomita dubu, ba sai an yi masa bayani ba.

Matuƙin irin wannan jirgi abu biyu yake bukata, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Na farko izini. Na biyu labari: wa ke kusa da ni, a wane tsawo yake, ina ya dosa?

Izinin dai ya yi tsauri tun 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, majalisar CNSP ta rufe sararin samaniyar ƙasa ranar 6 ga Agusta, saboda barazanar CEDEAO ta kawo yaƙi. An buɗe wa jiragen kasuwa ranar 4 ga Satumba, amma jiragen soja da na musamman aka ce sai da izinin hukuma tukuna. A waccan shekarar har jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya sun tsaya na wani lokaci. Ba mu ga laifin ƙasar da ke cikin yaƙi ba don ta tambayi wa ke yawo bisa kanta. Mai gida ya fi kowa sanin inda ɗakinsa ke yoyo.

Labarin ne ya fi damun mu. Aikin jagorancin jirage a Nijar yana hannun ASECNA, hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a 1959, mai cibiya a Dakar, ita kuma ANAC ke kula da dokoki da lasisi. Kafin matuƙi ya tashi, yana ajiye takardar tsarin tafiyarsa, ya karanta sanarwar da ake kira NOTAM, wadda ke faɗin inda aka rufe da lokacin rufewar. Yana kusa da filin jirgi, yana magana da masu hasumiya, su ce masa ga wani na sauka, dakata. Amma rediyon da suke amfani da shi, VHF, kamar ido yake: abin da ya tare gani ya tare magana. Ƙaramin jirgi ba ya hawa can ƙololuwa kamar na alhazai. Da ya shiga bayan duwatsun Abzin, inda Bagzan ya haura mita 2,000, ko ya nutsa cikin Tenere, muryarsa na iya yankewa. Shi ya sa matuƙa a wurare da dama na Afirka suke da wata tasha, 126.9, inda kowa ke shelar inda yake, kamar madugai masu yi wa juna kira cikin duhu.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan dabara tana aiki ne in kowa ya yi magana. Jirgin soja da ke bakin aiki ba lallai ya yi shela ba, kuma yana da hujjarsa. Jirgi marar matuƙi kuwa ba shi da mutum a ciki da zai leƙa taga ya kauce. Mai tuƙa shi yana zaune a ɗaki, kyamararsa na kallon ƙasa. Sai ka ƙara da ƙurar hunturu, lokacin da daga kasuwa ma da ƙyar ake hango hasumiyar Babban Masallaci. Dokar ƙaramin jirgi ita ce "gani ka kauce". In ba a gani fa?

A nan ne muke ganin nauyi ya hau kan hukumomi, na soja da na farar hula. Ba mu ce a tona asirin yaƙi ba. Matuƙi ba ya bukatar sanin me jirgin soja ya fita nema. Ya ishe shi a ce masa kada ka bi nan daga ƙarfe kaza zuwa kaza, ko ka tsaya ƙasa da tsawo kaza. Wannan sai in mai hasumiya da jami'in soja suna da layi tsakaninsu, dare da rana, kuma sanarwar rufewa tana fita kafin jirgi ya tashi. Haka nan izinin ɗauko marar lafiya bai kamata ya bi layi ɗaya da na mai yawon buɗe ido ba. A ware masa ƙofa da lambar da za a kira ko ranar Juma'a ce da rana tsaka.

Su ma matuƙan da nasu. Wanda ya kashe na'urar da ke nuna inda jirginsa yake, ko ya saki hanyar da ya rubuta don ya rage mai, a yankin da ake fataucin makamai da ƙwaya, ya sa kansa cikin waɗanda ake zargi, ya kuma ja wa na bayansa ƙarin tsauri.

Filin jirginmu sunan mutumin da ƙaramin jirgi ya faɗi da shi yake ɗauke da shi: Mano Dayak ya rasu a duwatsun Abzin ranar 15 ga Disamba 1995. Dattawan da ke saurarenmu sun tuna yadda labarin ya iso gari. Ƴan uwa na waje da kan bugo waya suna tambaya ko za a iya ɗauko tsohuwa daga Bilma ta jirgi, amsar da za mu iya ba ku a yau ita ce: ku fara tambayar izini kafin ku tambayi kuɗi.