Motarka Amarya Ce, Mun Ji, Amma Daren Naƙuda Fa?

Idan kana hawa Facebook ko TikTok, ka san irin bidiyon da nake nufi. Matashi ya jingina da wata 'yar ƙaramar mota, mukulli a hannu, an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi, ya rubuta: "Alhamdulillah, buri ya cika." Mu kuma mu jera addu'a: Allah Ya sa rai aka yi wa, Allah Ya tsare hanya, Allah Ya maimaita mana. A nan bidiyon yake ƙarewa. Abin da ke biyo baya a gida shi ne ba a ɗora mana, shi kuma nake son mu tattauna yau.

Bara yayana, ɗan baffana, ya sayi mota. Malamin makaranta ne a wani ƙauye da ke wajen garin Ɗambatta, yana ɗan taɓa harkar hatsi a kasuwar ranar Lahadi. Shekara huɗu yana tara kuɗi. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayar da sa guda da ya yi kiwo, sannan kuɗin suka kai. 'Yar ƙaramar Toyota ce, 'yar Beljiyam, wadda wani Bature ya gama yayinta tun muna firamare. Amma a wurin Yaya sabuwa ce dal, har suna ya raɗa mata: Amarya.

Daga ranar muka shiga sabuwar doka. Kafin ka shiga sai ka kakkaɓe takalmi. Ba a cin gyaɗa, ba a shan rake, ruwan leda ma sai ka sauka ka sha. Idan ka rufe ƙofa da ɗan ƙarfi zai waiwayo ya dube ka kamar ka mari ɗansa. Ledar da dillali ya lulluɓa wa kujeru har yau tana nan, kana zama tana ƙara, kana tashi rigarka ta jiƙe da gumi. Yara kuwa an ja musu layi, ko inuwar motar ba sa rawa a ciki. Safe wanka, yamma wanka, dare a rufe da tamfol.

Wata Lahadi Goggo ta fito da rabin buhun gero da kaji biyu za ta kasuwa, ta tarar da shi yana goge gilas. Ya dubi kajin, ya dubi kujerun, ya sa hannu a aljihu ya ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ga kuɗin acaɓa." Ta karɓa, ta ɗan tsaya tana kallon motar, sannan ta ce, "To ɗan nan, Allah Ya raya maka ita." Mun yi sati muna dariyar wannan addu'a.

Amma bari na faɗi gaskiya tsakani da Allah: ban ga laifinsa sosai ba. Wanda bai san yadda ake samun mota a yau ba shi ne zai kira wannan rowa kai tsaye. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da motocin Kwatano ke bi ta Nijar su iso mana da ɗan sauƙi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani ƙarfe da ke jikin motar nan da dala aka shigo da shi. Ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kuɗin fitila ɗaya ko madubin gefe, sannan ka tuna mafi ƙarancin albashi a jihar naira 71,000 ne. Mutumin da ya san in yaro ya jefi gilas ɗinsa albashin wata ya tafi, dole ya zama mai gadin mota. Wannan ba hauka ba ne, tsoron komawa gidan jiya ne.

To ina matsalar? Ga ta.

A cikin watan Agusta, ina gida hutu, ruwa ya yi kwana da kwanaki yana sauka. Hanyar da ta haɗa ƙauyenmu da kwalta ta zama taɓo. Yaya ya ce Amarya ba za ta taka wannan caɓi ba, ya rufe ta da tamfol, ya koma hawa acaɓa. Sati uku ko tayar da ita bai yi ba.

Wani dare wajen ƙarfe biyu aka buga ƙofa. Maƙwabcinmu ne, muryarsa na rawa: "Malam, don Allah ka taimaka, mai ɗakina ce. Tun magariba take naƙuda, yanzu kuma jini ya ɓalle." Ina tsaye, na ga abin da ya faru da idona. Yaya ya yi jim. Na san abin da ke ransa: taɓo, dare, jini a kujera. Shirun bai fi na daƙiƙa goma ba, amma maƙwabcin ya gani. Sannan ya ce a kawo tabarma da zani a shimfiɗa, ya ɗauko mukulli, muka yaye tamfol.

Ya murɗa. Ƙas, ƙas, ƙas. Ya sake murɗawa. Shiru. Batir ya mutu.

Muka ce a tura. Ashe mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi. Babu wata mota kusa da za a ja wuta daga batirinta, ko da akwai ma ba mu da wayar. Mun ɓata fiye da rabin awa a kan wannan ƙarfe mai ƙyalli kafin a tado wani mai kurkura, aka shimfiɗa matar a baya inda ake loda buhuna, aka nufi asibiti a Ɗambatta cikin yayyafi. Allah Ya yi da sauran kwana: an yi mata ƙarin jini, ita da jaririn suna nan lafiya. Amma washegari labarin da ya zaga gari shi ne wai da gangan Malam ya ƙi tayar da motar don kada a ɓata masa kujera. Ƙarya ce, ni shaida ne. Sai dai wa zai yarda? Mutumin da ya hana kajin goggonsa shiga mota, ya riga ya rubuta wa kansa shaida tun kafin a kai shi ƙara.

Darasi biyu na ɗauka daga wannan dare.

Na farko, yawancin abin da muke kira kula da mota kwalliya ce kawai, wani lokacin ma cutarwa ce. Da muka kira bakanike, faɗa ya yi. Mota ba kayan ɗaki ba ce da za a jera a kabad. In ta daɗe a ajiye batir yana zuƙewa a hankali, taya tana saki, man da ke tanki yana lalacewa. Tayar da ita a bar ta tana ƙugi minti biyar a tsakar gida ma ba ya cika batir yadda tafiya ke yi. Ledar kujera tana riƙe zafi da danshi. Goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma karce fenti yake yi, haka lulluɓa tamfol a kan mota mai ƙura in iska tana kaɗa shi. Wanka kullum da garin sabulun wanki kuwa dusashe launi yake yi.

Abubuwan da ke riƙe rai kuma ba sa fitowa a hoto. Yaushe ka yi juyen baƙin mai? Yaushe aka duba birki? Ka taɓa sunkuyawa ka karanta lambobi huɗun da ke gefen tayarka? Biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Mota da yawa da ke sheƙi a hanyar Kano zuwa Daura tsofaffin tayoyi take takawa, duk da gargaɗin da hukumar kiyaye haɗurra ta sha yi. Kana da safaya mai iska? Kana da jak? Kana da inshora? Tun Janairun 2023 inshorar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani ta koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana ɗaukar ɓarna har ta naira miliyan uku, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsawa a kai. Akwai wanda ya kashe fiye da haka a kan turaren mota da fitilu masu walƙiya, amma takardar ba shi da ita. Akwai wanda zai yi faɗa don an taka masa kafet, amma ya ɗora ɗansa a cinya yana tuƙi, ko bel bai ɗaura ba. Wallahi wannan son mota ne na ido, ba na hankali ba.

Darasi na biyu ya fi nauyi. A cikin birnin Kano, in mai mota ya hana ka, ka fita titi ka tare adaidaita sahu. A ƙauyukanmu ba haka ba ne. A Fagwalawa ko Gwanda ko Sansan, in dare ya raba, motar da ke unguwa ita ce motar asibiti, ko mai ita ya so ko bai so ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Masana lafiya suna lissafa jinkiri uku da ke jawo haka: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyar nan yana hannun mai mukulli. Zubar jini bayan haihuwa kan iya kashe mace cikin 'yan awanni. Shi ya sa a jihohi irin su Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe aka taɓa haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, direbobin haya suka riƙa sa kai suna ɗaukar masu naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Mutanen da motar ita ce abincinsu ke nan. In direban tasha zai iya, mai motar gida ba shi da uzuri.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce ka miƙa mukullinka ga duk wanda ya tambaya ba. Ka hana abokinka aro ya je zance, daidai ne. Ka hana ƙanenka da ya koyi tuƙi a filin ƙwallo, ka kyauta masa. Ka ƙi shiga jerin gwanon biki inda samari ke wasa da mota, Allah Ya yi maka albarka. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma haƙƙinka ne ka ce a'a. Abin da nake cewa shi ne a cikin duk a'a ɗinka, ka ware e guda ɗaya da kowa a unguwa ya sani: mara lafiya, mai naƙuda, wanda maciji ya sara, wanda ya yi haɗari. Kuma e ɗin ta zama a shirye. Ka riƙa fita da motar ko sau ɗaya a mako, ka bar mai a tanki, ka ajiye wayar jan wuta da tocila a but, ka ajiye tabarmar roba in kujera kake ji. Kujera ana wankewa. Gawa ma ana wankewa, amma ba ta tashi.

Mu kuma marasa mota, mu gyara namu. Mu ne muke sa masu mota su zama haka. An ba ka aro, ka dawo da ita tanki a bushe, da sabon karce a gefe, ka ce ai haka ka gan ta. An rage maka hanya daga Ɗambatta har Kano, ko "ga wannan a ƙara mai" ba ka ce ba. An hana ka sau ɗaya, ka hau WhatsApp kana habaici: wai "mota dai ƙarfe ce." E, ƙarfe ce, amma ƙarfen da wani ya yi shekara huɗu yana hana kansa cin nama kafin ya samu. In ana so mai mota ya fito da tsakar dare, to kada a bar masa nauyin shi kaɗai. Ƙungiyoyin matasan unguwa da muke buɗewa don wasan ƙwallo da siyasa za su iya tara 'yan kuɗin mai na gaggawa, su rubuta lambobin masu mota da masu kurkura da suka amince, a liƙa a ƙofar masallaci da gidan mai unguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaya ya sayi sabon batir. Ledar kujerun ma ya cire, ba don na yi masa wa'azi ba, don kansa. Har yanzu sai ka kakkaɓe takalmi, har yanzu ba a shan rake, kajin Goggo kuma har gobe acaɓa suke hawa. Amma ranar sunan jaririn nan ya je wurin maƙwabcin, a gaban mutane ya ce masa, "Ko ƙarfe nawa ne, ka buga min ƙofa." Tun daga lokacin sau biyu aka buga, sau biyun kuma Amarya ta tashi.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in Allah Ya ba ka taka, ka ɗora bidiyon, za mu zo mu yi maka addu'a. Ka wanke ta, ka raɗa mata suna, ka lallaɓa ta yadda ranka yake so. Amma kafin ka ja tamfol ka rufe ta yau da dare, ka tambayi kanka: in an buga ƙofa ƙarfe biyu, za ta tashi?