Wa Ya Mallaki Dabarar Sanyaya Batirin Motar Lantarki?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, maganar motoci da babura masu aiki da lantarki ta bar hannun injiniyoyi ta shigo tashar mota. A wasu biranen kudu har an fara ganin 'yan acaɓa a kan babura na batir, waɗanda ba su neman gidan mai sai wurin canjin batir. To amma akwai wata gardama da ake tafkawa can a ofisoshin Turai da Amurka da Asiya, wadda ba kasafai labarinta ke isowa nan ba, alhali kuwa tana da hannu a kuɗin da za a sayi irin waɗannan ababen hawa da kuma daɗewar da za su yi. Gardamar ita ce, wa ke da haƙƙin mallakar dabarun sanyaya batir.

Zafi ne abokin gaba

Batirin motar lantarki ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne na sinadarin lithiyum ake jerawa a haɗa. Motar farko ta kamfanin Tesla, wato Roadster ta 2008, ƙwaya 6,831 ke cikin batirinta. Kowace ƙwaya tana fid da zafi in ana tafiya, ta kuma fi fid da shi in ana cajin gaggawa. Masana sun ce batirin ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 15 da 35 na ma'aunin zafi. In ya daɗe sama da haka sai ya tsufa da wuri, in kuwa abin ya yi tsanani ƙwaya ɗaya na iya kamawa da wuta ta kunna maƙwabtanta, wutar da ke da wuyar kashewa ƙwarai.

Kamfanoni sun bi hanyoyi dabam dabam. Nissan ta fito da motarta Leaf a 2010 ba tare da ruwan sanyaya batir ba, ta bar shi da iskar da ke kewaye da shi. A 2012 masu motar a jihar Arizona ta Amurka, inda ake zafi irin na hamada, suka koka cewa batiransu na rage ƙarfi tun motocin ba su tsufa ba, har kamfanin ya ƙara musu garanti a kan ƙarfin batir, na shekara 5 ko mil 60,000. Tesla kuwa ta ratsa wani bututu mai lanƙwasa tsakanin ƙwayoyin, ruwan sanyi irin na lagireto yana zagayawa a ciki. BMW ta yi amfani da iskar gas ta na'urar sanyaya mota a motarta i3 ta 2013. A 2022 kamfanin CATL na ƙasar Sin ya nuna batirin da ya kira Qilin, wanda aka sa faranti na ruwa a tsakanin ƙwayoyinsa maimakon a ƙarƙashinsu. Ita kanta Nissan, da ta sake fasalin Leaf a 2025, ta koma ga ruwa.

Kowace irin wannan dabara, kafin a nuna ta a kasuwa, an riga an garzaya da ita ofishin rajista don neman takardar mallakar ƙirƙira. Wani rahoto da Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai da Hukumar Makamashi ta Duniya suka fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2005 zuwa 2018 neman irin wannan takarda a fannin batir da ajiyar lantarki ya riƙa ƙaruwa da kashi 14 cikin ɗari kowace shekara, wato ninki huɗu na sauran fannoni. Samsung da Panasonic da LG ne a kan gaba.

Aikin mai tantancewa

Ita takardar mallaka yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana dabararsa filla-filla, har da zane, ana kuma buga ta ga kowa bayan wata 18. Ita kuwa hukuma za ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin ko sayar da shi a ƙasar har shekara 20 daga ranar da ya shigar da takarda, sai da izninsa.

A manyan ofisoshi, kamar na Turai da ke birnin Munik na Jamus da na Amurka da ke jihar Bajiniya, ba a ba da takardar sai wani ma'aikaci mai ilmin injiniya ya tantance. Tambaya uku yake yi. Shin abin sabo ne, ba a taɓa bayyana shi ko'ina a duniya ba? Shin akwai hikima a ciki wadda gwanin sana'ar ba zai gano ta da sauƙi ba? Shin ana iya ƙera shi a yi aiki da shi? Yakan tono tsoffin takardu, ya rubuta wa mai nema ƙorafinsa, shi kuma lauyan kamfani ya ba da amsa ko ya rage faɗin abin da yake nema. Ana iya shekaru ana wannan kai da kawowa.

A maganar sanyaya batir, tambaya ta biyu ce mai wuya. Kowane makanike a Ladipo ya san cewa ruwa da famfo da fanka da lagireto sun fi shekara ɗari suna sanyaya injin mota. To, wanda ya ɗauko wannan tsohuwar dabara ya ɗora ta a kan batir, ya ƙirƙiro wani abu ke nan, ko kuwa tsohuwar riga ya sake wa wuya? Kotun Ƙoli ta Amurka ta taɓa irin wannan batu a 2007, a shari'ar kamfanin KSR da na Teleflex, wadda aka yi a kan totur na mota da aka haɗa da na'urar lantarki. Kotun ta yanke cewa haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, in abin da aka samu shi ne wanda kowa zai zata, bai isa a ba mutum mallaka ba. Saboda haka kamfani ba zai sami takarda a kan sanyaya batir da ruwa gaba ɗaya ba. Abin da yake iya samu shi ne takarda a kan wani fasali takamaimai: yadda bututun ya lanƙwasa, ko inda aka sa farantin, ko yadda aka raba ruwan don ƙwayar da ke tsakiya kada ta fi ta gefe zafi.

Nauyin da ke kan mai tantancewa ba ƙarami ba ne. In ya yi sako-sako, kamfani ɗaya zai kewaye filin da na kowa ne, ƙananan maƙera su biya kuɗin izni ko su rufe, kuɗin kuma a kan mai saye zai ƙare. In ya tsananta fiye da kima, kamfanoni za su daina kawo dabarunsu, su ɓoye su a matsayin asirin sana'a. Rigimar asiri kuwa ba ta fi sauƙi ba: kamfanonin Koriya ta Kudu biyu, LG da SK, sun yi shari'a a Amurka a kan asirin ƙera batir, ba su sasanta ba sai a Afrilu 2021, da SK ta yarda ta biya kimanin dala miliyan 1,800.

Akwai kuma abin da ya kamata mai saye ya gane. Takardar mallaka shaida ce cewa dabara sabuwa ce, ba shaida ba ce cewa abin ba shi da hatsari. Wannan aikin wasu hukumomi ne. Ƙasar Sin, alal misali, ta kafa ƙa'ida a 2020 cewa in ƙwaya ta lalace, dole motar ta gargaɗi mutanen ciki minti 5 kafin hatsari ya iso gare su, a 2025 kuma ta tsananta ta da cewa kada batirin ya kama wuta ko ya fashe sam. Duk ɗan kasuwar da ya nuna lambar rajista a jikin kwali a matsayin shaidar inganci, ya faɗi abin da takardar ba ta faɗa ba.

Ina Nijeriya ta tsaya?

Dokar da Nijeriya ke aiki da ita a wannan fanni ta 1970 ce, tun zamanin Janar Yakubu Gowon. A ƙarƙashinta, magatakardan rajista yana duba ko an cika takardu daidai an kuma biya kuɗi, amma ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce. Dokar ta ce ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba, in da kasada ta mai ita ce. Wanda bai yarda ba sai ya tafi Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke ta.

Illar wannan a fili take. Mutum na iya yin rajistar dabarar da an daɗe da saninta a waje, ya riƙa razana masu haɗa babura da Keke Napep na lantarki da wasiƙar lauya. Babban kamfani zai iya shiga kotu, amma ƙaramin maƙeri ba shi da kuɗin shari'ar shekaru. Haka kuma injiniyan ƙasar nan da ya yi ƙirƙira ta gaskiya, takardarsa ba za ta yi nauyi a idon masu zuba jari ba, tun da ba wanda ya tantance ta.

Amma akwai dama a ɗaya gefen. Takardar mallaka ba ta ƙetare iyakar ƙasa: wadda aka bayar a Amurka ko Japan ba ta hana ƙira a Nijeriya sai in an yi rajistarta a nan. Miliyoyin takardu da zane-zanensu suna nan kyauta a intanet ga mai son karantawa. A bisa ƙa'ida, duk waɗanda aka shigar kafin fitowar Roadster za su cika shekara 20 kafin ƙarshen 2028, su zama na kowa. Tun 2014 ma Tesla ta yi alkawarin ba za ta kai ƙarar wanda ya yi amfani da dabarunta da kyakkyawar niyya ba, a 2019 kuma Toyota ta buɗe takardu wajen 24,000 na motoci masu haɗa fetur da lantarki, ba tare da kuɗin izni ba, har zuwa 2030.

Ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a Maiduguri da Sakkwato a watan Afrilu, ga kuma cunkoson motoci na Ikko, ba ta da zaɓi sai ta ɗauki wannan magana da gaske. Ya kamata Majalisar Tarayya ta sake duba dokar 1970, a ba ofishin rajista injiniyoyin da za su tantance, ko aƙalla a riƙa dogara da rahoton binciken da ake yi a ƙarƙashin yarjejeniyar rajista ta duniya, wadda Nijeriya ta shiga a 2005. Jami'o'i da kwalejojin fasaha su ma ya kamata su koya wa ɗalibai karanta waɗannan takardu.

Shi kuwa ɗan acaɓa ko direban da ya tara kuɗin guminsa zai sayi abin hawa na lantarki, musamman tokumbo, kafin ya tambayi gudu sai ya tambayi abu uku: da me ake sanyaya batirin, shekara nawa ke gare shi, garanti na wata nawa aka rubuta masa. Abin da ya sami masu Leaf a Arizona ya isa gargaɗi, don Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.