Kansila ɗaya, mutum dubu hamsin: a sake yanka mazaɓun Kano

1/ Matasan Kano, ku zo mu yi lissafi. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa kansila ɗaya. Tambaya ita ce: rabon nan da adalci aka yi shi?

2/ A ƙidayar 2006, Nasarawa ta kusa mutum dubu 600, mazaɓunta 11. Tofa ba ta kai dubu 100 ba, mazaɓunta 15. Ku sake karantawa a hankali.

3/ Wato kansilan Nasarawa yana ɗauke da sama da mutum dubu 50, na Tofa bai kai dubu 7 ba. Ƙuri'ar ɗan Dakata da ta ɗan Lambu nauyinsu ɗaya ke nan? Haba!

4/ Kuma wannan alƙaluman 2006 ne fa. Ku dubi Rijiyar Zaki da Bachirawa a Ungogo, ku dubi Na'ibawa da Mariri a Kumbotso. Gonakin jiya sun zama unguwanni, amma kowaccensu tana nan da mazaɓu 11.

5/ Kada a ce ba zai yiwu ba. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga kusan dubu 120 zuwa 176,846, karo na farko tun 1996. An yarda layin zaɓe ya yi tsawo, an ƙi yarda wakilci ya yi kaɗan.

6/ Na san wani zai ce: "Kansilan me? Ƙarin masu cin albashi kawai." Ɗan'uwa, kwalbatin layinku, rijiyar burtsatse, asibitin sha-ka-tafi, rufin firamare, a wace majalisa ake maganarsu? Idan kansila bai san layinku ba, wa zai ambace ku ranar kasafi?

7/ Balle yanzu. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wanda ba shi da wakili a wurin rabo, ƙashi zai samu.

8/ Ba cewa nake a ƙwace wa Tofa kujeru ba. Ƙauyuka suna da nisa da juna, suna bukatar nasu. Cewa nake a raba mazaɓun da suka cika suka batse.

9/ Amma hattara. In aka bar 'yan siyasa su kaɗai a ɗaki, inda suke da ƙuri'a za su tsaga biyu, inda ake kayar da su su bar shi a dunƙule. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

10/ Abin da za mu nema: ma'auni ɗaya na yawan jama'a, a buga taswira kowa ya gani, a yi zaman jin ra'ayi a kowace ƙaramar hukuma, Majalisar Dokokin jiha da KANSIEC da INEC su zauna a bainar jama'a.

11/ Ɗan majalisar jiharku zai dawo neman ƙuri'a. Kafin ya buɗe baki, ku tambaye shi: mutum nawa ne a mazaɓarmu, kuma yaushe za a raba ta?