Kaska Ba Ta Tsaya Kan Rago Kaɗai Ba

Jama'ar Gwange, duk shekara in Babbar Sallah ta matso, sai ka ga zauruka da lungunanmu cike da raguna daga Kasuwar Shanu. Kiwo halal ne, ciniki halal ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne sakacin da muke yi da kaska, mu ce wai ai tun kakanni ake zaune da ita.

To, a ji. Kaska tana shan jinin dabba har ta rame, tana buɗe wa kirci ƙofa ya lalata fata, kuɗin dabba ya faɗi. Wannan asarar aljihu ce. Ta rai ta fi. Akwai zazzaɓin Kirimiya-Kwango, wanda kaska ke ɗauka. Dabbar da ke da ƙwayar ba ta nuna alamar komai, tana cin dusarta lafiya lau. Mutum kuwa yana kamuwa in kaska ta cije shi, ko ya murtsuke ta da farce, ko jinin yanka ya taɓa rauni a hannunsa. Sai zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, amai, daga baya jini ta hanci da dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 kan rasu.

Kada wani ya ce ciwon ƙasashen waje ne. A 2016 masana na Jami'ar Maiduguri da abokan aikinsu sun fitar da binciken jinin mutum sama da dubu a Jihar Borno, suka tarar kusan ɗaya cikin goma ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Wato tana nan tare da mu, muna ce mata maleriya.

Masu cewa "abin da Allah ya rubuta ba makawa", gaskiya ne. Amma haba, tun yaushe tawakkali ya zama lasisin sa yaro ya cire kaska da hannu? Dabbar amana ce, yaron ma amana ne, kuma za a tambaye mu.

Dillalai da masu kiwo, a kai dabba ga likitan dabbobi a yi mata maganin kaska mako biyu kafin yanka. A daina watsa mata maganin ƙwarin gona, guba ne gare ta da mai cin namanta. A ciri kaska da hantsaki, a jefa ta a kananzir. Mahauta su sa safar hannu, a nisanta yara da jini. Wanda ya yi zazzaɓi bayan cizon kaska ko fiɗa, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita abin da ya taɓa.

Allah ya kare mu da iyalanmu, ya karɓi layyarmu. Amin.